Babi na Shida: Baƙon da Aka Gayyata da Baƙon da Aka Yi Haya

A daren Talata 5 ga Fabrairun 2019, saura kwana 11 ranar da aka tsayar don zaɓen shugaban ƙasa ta cika, gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasir El-Rufa'i, ya bayyana a wani shirin tattaunawa na gidan talabijin na NTA. A nan ya ce masu kiran ƙasashen waje su shigo su tsoma baki a harkar Najeriya su sani ana nan ana jiran duk wanda zai shigo, kuma gawarsa za a mayar gida cikin jaka. Kafin gari ya waye magana ta watsu. Jam'iyyar PDP ta yi barazanar janyewa daga yarjejeniyar zaman lafiyar da 'yan takara suka sa wa hannu, tawagar Tarayyar Turai mai sa ido ta fito ta tunatar da jama'a cewa hukumar zaɓe ta INEC ce ta gayyato ta, fadar shugaban ƙasa kuma ta ce gwamna kare mutuncin ƙasa ya yi. A unguwannin da ke arewa da Kogin Kaduna, tun daga Kawo da Unguwar Dosa har Tudun Wada da Rigasa, an kwana biyu ana musun abin a majalisu da teburan masu shayi. Wanda duk ya saurari wannan musu da kyau zai lura cewa Turawa ba su daɗe a cikinsa. Jimla biyu ko uku ake yi a kansu, sai zance ya koma kan Malam. Mai ƙaunarsa ya ji namiji ne ya faɗa wa Bature gaskiya, mai jin haushinsa ya ji barazanar kisa daga bakin wanda ya rantse zai kare rayuka. Abin da nake son nunawa a wannan babi shi ne, fushin da ake yi da katsalandan daga waje yana da tushe, amma an nuna masa ƙofar da ba ita ba. An auna shi kan baƙon da ya shigo da rana da takardar gayyata a hannu, an bar baƙon da 'yan gida suka biya kuɗi ya shigo a ɓoye, alhali shi ne ya fi sanin inda ciwon gari irin Kaduna yake.

Sai an san mutumin kafin a gane dalilin da ya sa jimla ɗaya ta raba gari. El-Rufa'i ya zo Gidan Sir Kashim, gidan gwamnatin jihar, a 2015 da laƙabin Mai Rusau tun daga zamanin da yake ministan Abuja, tsakanin 2003 da 2007, kuma bai yi ƙoƙarin rabuwa da laƙabin ba. A 2017 gwamnatinsa ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar da ake yi wa 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. A shekarar ce kuma aka sauke hakimai fiye da 300 da dagatai fiye da 4,000. A Fabrairun 2018 aka rushe ginin da ɓangaren Sanata Suleiman Hunƙuyi na APC ya mayar ofis, gwamnati ta ce ginin ya saɓa ƙa'ida, abokan hamayya suka ce ramuwar gayya ce. Kafin duk wannan akwai abin da ya faru a Zariya a Disambar 2015 tsakanin sojoji da mabiya Sheikh Ibrahim El-Zakzaky, inda gwamnatin jihar da kanta ta shaida wa hukumar bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando. Wannan fuska ɗaya ke nan. Ɗaya fuskar ita ce ta mutumin da ya ɗaga harajin cikin gida na jihar daga ƙasa da naira biliyan 15 zuwa sama da biliyan 50, ya sake fasalin gadar Kawo, ya faɗaɗa titunan tsakiyar gari da suka shekara talatin ba wanda ya taɓa su. Uban da ɗansa ya kai aji biyar bai iya karanta sunansa ba yana da hujjar goyon bayan jarrabawar malamai. Malamin da ya wayi gari ba albashi, da 'ya'ya da haya a kansa, shi ma yana da tasa hujjar. Sau da yawa mutanen nan biyu layi ɗaya suke, masallaci ɗaya suke sallah, wani lokacin ma gida ɗaya suke. Shugaba irin wannan ba ya barin kowa a tsakiya, kuma duk abin da ya fito daga bakinsa, ko da kan batun da bai shafi Kaduna ba ne, da tsohon lissafin soyayya da ƙiyayya ake auna shi.

Ga kuma kogi. Bayan rikicin Shari'a na Fabrairu da Mayun 2000 da na gasar sarauniyar kyau a Nuwambar 2002, mutanen Kaduna sun raba wurin zama da ƙafafunsu. Kiristoci da yawa suka sayar da gidajensu ko suka yi musaya suka tsallaka Sabon Tasha da Narayi da Television, Musulmi suka tattaro zuwa Rigasa da Tudun Wada da Unguwar Mu'azu. Da zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011 ya ƙare da tarzoma, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga mutum fiye da 800 da aka kashe cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, kuma jihar Kaduna ce ta fi kowa asara. An ƙone coci-coci da gidajen 'yan PDP a arewacin jihar, an yi wa Musulmi kisan ƙare dangi a Zonkwa da Matsirga da kewayen Kafanchan, waɗanda suka tsira kuwa suka shafe shekaru a sansanin alhazai na Mando. A irin wannan ƙasa El-Rufa'i ya karya al'adar da aka saba ta haɗa Musulmi da Kirista a takarar gwamna, ya ɗauki Dakta Hadiza Balarabe, Musulma daga ƙaramar hukumar Sanga, ya kuma ce ko Fafaroma ya ɗauka mafi yawan Kiristocin kudancin jihar ba za su zaɓe shi ba. Har Sheikh Ahmad Gumi, da ke karatu a masallacin Sultan Bello, ya soki wannan zaɓi. Saboda haka maganar gawa a bakin gwamnan Kaduna, ana gab da zaɓe, nauyinta ya bambanta da nauyinta a bakin wani gwamna. Mai magana da yawunsa ya fito ya bayyana cewa mamayar soja gwamna yake nufi, kuma masu sa ido ba su da abin tsoro. Mai yiwuwa abin da ke zuciyarsa ke nan. Amma matashin da ke tsaye a bakin rumfar zaɓe da sanda ba ya karanta sanarwar ƙarin bayani, kuma a idonsa duk farar fatar da ya gani da littafi a hannu ita ce mai katsalandan ɗin da aka ambata.

To me ƙasashen waje suka yi da ya jawo haka? Ranar 24 ga Janairun 2019 Amurka da Birtaniya suka ce duk wanda ya tayar da rikici ko ya yi maguɗi yana iya rasa bizar shiga ƙasashensu. Kashegari Shugaba Muhammadu Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen, wanda ake tuhuma a Kotun Ɗa'ar Ma'aikata da ƙin bayyana kadarorinsa, ya rantsar da Mai Shari'a Tanko Muhammad a matsayin riƙo. Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai suka nuna damuwa kan yadda aka cire shugaban kotun da za ta yanke hukuncin ƙarshe a shari'ar zaɓe, saura mako uku a jefa ƙuri'a. Iyakar abin ke nan: sanarwa da gargaɗin biza. Duk da haka ba zan yi wa masu fushi rashin adalci in ce tsoronsu shirme ne ba. A wannan makon ne dai, ranar 23 ga Janairu, Amurka ta amince da Juan Guaidó a matsayin shugaban riƙo na Benezuwela alhali Nicolás Maduro yana kan kujera. A 2011 jiragen Faransa da na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi luguden wuta kan gidan Laurent Gbagbo a Abidjan bayan taƙaddamar zaɓe. A shekarar ce kuma ƙungiyar NATO ta taimaka aka kifar da Gaddafi, makaman Libiya suka malalo Sahel, kuma mutanen Birnin Gwari da Zamfara suna cikin masu biyan bashin. Mutumin Kaduna bai buƙatar a koya masa wannan darasi daga littafi, domin garin da yake zaune Turawan mulkin mallaka ne suka kafa shi hedikwatar Arewa, ginin majalisar dokokin jiharsa ma har yau da sunan Gwamna Lugga ake kiransa. Ita ma barazanar biza sanda ce da ke hannun mai ƙarfi kaɗai. Amurka na iya hana gwamnan Najeriya shiga ƙasarta, ta ƙi faɗin sunansa da laifinsa kamar yadda ta yi wa wasu 'yan Najeriya a Yulin 2019, Najeriya kuwa ba ta da abin ramawa. Wanda wannan rashin daidaito ya ɓata wa rai yana da gaskiya.

Amma a dubi abin da mai sa ido ke yi a zahiri. Yana zuwa rumfar zaɓe a Unguwar Shanu ko Malali da katin INEC rataye a wuya, da rigar da ke ɗauke da sunan ƙungiyarsa baro-baro a baya. Yana duba ƙarfe nawa kayan zaɓe suka iso, ko an ɗaga akwati an nuna wa jama'a babu komai a ciki kafin a rufe, ko na'urar tantancewa tana karanta kati da yatsa, ko inda ake dangwale a killace yake ko kuwa wani na leƙe daga baya don ya tabbatar an cika alkawarin kuɗin da aka karɓa. Da yamma yana tsayawa a ƙirga ƙuri'u da babbar murya, ya ga ko wakilan jam'iyyu sun sa hannu a takardar sakamako, ko an manna kwafinta a bango. Ba ya taɓa akwati, ba ya ba malamin zaɓe umarni, ba shi da ikon soke ƙuri'a ko ɗaya. Abin da ya mallaka shi ne rahoton da zai fito bayan watanni, wanda kowa zai iya karantawa ya ƙaryata. Yakan yi kuskure. A Kenya a 2017 manyan tawagogin waje, ciki har da wadda John Kerry ya jagoranta, sun yaba da yadda aka jefa ƙuri'a, sai ga Kotun Ƙolin ƙasar ta soke zaɓen. Yawan masu sa ido ma bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da rumfunan zaɓe kusan 120,000 da Najeriya ke da su a 2019. Sai dai kuskuren da aka yi a fili ana iya kama shi a fili. Kuma ya kamata magoya bayan Buhari na Kaduna su tuna cewa a 2007, lokacin da ɗan takararsu ke yawon kotu yana cewa an yi masa fashin ƙuri'a, rahoton Tarayyar Turai da ya ce zaɓen bai kai ko mafi ƙarancin ma'auni ba yana cikin ƙwararan shaidun da suka riƙe. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da kansa ya amince akwai tangarɗa a zaɓen da ya kawo shi, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais don gyara.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damuna a muhawarar, wato yadda matsayin mutane ke juyawa da juyawar kujera. A Janairun 2015 John Kerry, yana sakataren harkokin wajen Amurka, ya zo Legas ya gana da Shugaba Jonathan da Buhari, ya ja kunne kada a ɗage zaɓe. Da aka ɗage shi daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, ya fito ya nuna ɓacin ransa. Shugaba Obama ya aiko wa 'yan Najeriya saƙon bidiyo ana saura kwanaki zaɓe. Ranar 30 ga Maris, ana tsakiyar tattara sakamako, Kerry da takwaransa na Birtaniya Philip Hammond suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa akwai alamun ana son yi wa tattarawar shisshigi. A lokacin 'yan APC murna suka yi, kuma arewacin Kaduna ya ɗauki wannan a matsayin taimakon gaskiya. Jonathan ne ya ji zafi, har ya rubuta a littafinsa na 2018 cewa Obama ya yi masa katsalandan. Shekara huɗu kacal bayan haka, sanarwa irin waccan daga ofisoshin jakadanci irin waɗancan ta zama cin mutuncin ƙasa a wurin APC, ta zama abin yabo a wurin PDP. Kwana biyar kafin maganar El-Rufa'i, ranar 31 ga Janairun 2019, gwamnonin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar sun halarci gangamin yaƙin zaɓen Buhari a Kano. PDP ta yi kururuwa, APC ta ce ba laifi. Za a ce ai Maraɗi da Katsina uwa ɗaya uba ɗaya ne, iyakar da ta raba su Ingila da Faransa ne suka shata ta, kuma zuwan ɗan'uwa taron ɗan'uwa ba shisshigi ba ne. Zumuncin gaskiya ne, ba mai musunsa. Amma waɗannan mutane ba a matsayin dangi suka zo biki ba. Jami'an wata gwamnati ne suka zauna a taron jam'iyya ɗaya cikin masu takara, abin da babu jakadan Turai ko ɗaya da ya yi. Najeriya kanta, a Janairun 2017, ta tura jiragen yaƙi da jirgin ruwan soja don tilasta wa Yahya Jammeh na Gambiya ya mutunta sakamakon zaɓen da ya faɗi, kuma mun yi alfahari da hakan. Ƙa'idar da ke halatta abu idan ya amfane ka ta haramta shi idan ya taɓa ka ba kishin ƙasa ba ce, kuma jama'a suna gane haka ko da ba su furta ba. Shi ya sa musun ke komawa kan mutum, domin ba a bar wata ƙa'ida da za a tsaya a kanta ba.

Alhali akwai katsalandan da ya cancanci duk fushin da aka ɓarnatar. A Maris ɗin 2018 jaridun Guardian da Observer na Birtaniya suka bayyana cewa a zaɓen 2015 wani hamshaƙin attajiri ɗan Najeriya mai goyon bayan Jonathan ya ɗauki kamfanin Cambridge Analytica haya, kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kai fam miliyan 2, don a yi wa Buhari yaƙin ɓatanci a ɓoye. Jaridun sun ce babu alamar Jonathan ya san da zancen. Tsofaffin ma'aikatan kamfanin sun ba da labarin wasu 'yan kutsen kwamfuta daga Isra'ila da suka kawo bayanan sirri na Buhari, har da na lafiyarsa, ko da yake kamfanin ya musanta amfani da kayan sata. Christopher Wylie, wanda ya fasa ƙwan, ya miƙa wa kwamitin majalisar dokokin Birtaniya wani bidiyo da aka yaɗa a lokacin. Hotuna ne na mutane ana yanka su, ana sassara su, ana ƙone su da rai, a haɗe da saƙon cewa idan Buhari ya ci zaɓe zai ƙaƙaba Shari'a a kan kowa, abin da aka gani kuma shi ne makomar ƙasa. A tsaya a yi tunanin wa aka shirya wa wannan. An shirya shi ne don matar da ke Sabon Tasha wadda ta gudu daga Rigasa a 2000 da goyo a bayanta, don a tayar mata da abin da ta shekara 15 tana neman mantawa. Idan kuma ya faɗo wayar saurayi a Tudun Wada, abin da zai gani shi ne an mayar da addininsa dodon tsoratarwa, ya ƙara gaskata cewa na tsallaken kogi maƙiyansa ne. Waɗanda suka haɗa bidiyon ba su san hanyar Kasuwar Barci ba, ba kuma za su kwana cikin dokar hana fita ba idan gari ya kama da wuta. Wani ɗan ƙasa ne ya nuna musu inda miki yake, ya biya su ladan fama shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Abin bai tsaya a 2015 ba, bai kuma tsaya kan ɓangare ɗaya ba. A Mayun 2019, bayan an gama zaɓe an tashi, Facebook ya sanar da rufe shafuka da asusu 265 masu alaƙa da wani kamfanin Isra'ila mai suna Archimedes Group, waɗanda suka kashe kusan dala 812,000 wajen talla, suna shiga rigar 'yan gida da ta kafofin labarai a Najeriya da Nijar da Senegal da Togo da wasu ƙasashe. Masu bincike sun gano a cikinsu akwai shafin da ke ɓata Atiku Abubakar da wanda ke yabon Buhari. Wato a daidai makonnin da Kaduna ke musu kan Baturen da ke da kati a wuya, akwai baƙi marasa fuska da ke magana da mutane ta wayoyinsu da sunan 'yan'uwansu. Bayan waɗannan akwai hayar da ake yi a fili, wadda ba ta saɓa doka ba amma take nuna inda zuciyar 'yan siyasarmu take. APC ta ɗauki kamfanin AKPD, wanda David Axelrod, mashawarcin Obama, ya kafa, kafin zaɓen 2015. PDP ta ɗauki kamfanin Ballard Partners na Amurka a 2018, kuma a Janairun 2019 Atiku ya shiga Washington bayan fiye da shekara goma bai taka ƙasar ba, aka mayar da hotunan ziyarar kayan yaƙin zaɓe. Buhari ya je Chatham House a Landan a Fabrairun 2015, Tinubu da Peter Obi suka bi sahu kafin zaɓen 2023. Masu gargaɗin talaka ya yi hattara da Turawa su ne ke layin neman albarkarsu.

Akwai mai cewa duk wannan hayaniya ce, tunda Cambridge Analytica ta yi aikinta Jonathan kuma ya faɗi, kamfanin ma ya rushe a 2018. Hujja ce mai nauyi, kuma gaskiya ne irin waɗannan kamfanoni sun fi ƙwarewa wajen tallata kansu ga attajirai fiye da juya ƙuri'a. Mutumin Kawo da ya yi shekara 12 yana zaɓen Buhari ba bidiyo ne zai sauya masa ra'ayi ba. Sai dai ɓarnar irin wannan aiki ba a takardar sakamako ake auna ta ba. Ana auna ta ne a saurin da jita-jita ke yi kafin ta zama gawa, a yadda direban Keke Napep ke ƙin tsallaka gada idan magariba ta yi ranar da aka ce an yi faɗa a wani ƙauye, a yadda kowane ɓangare ke ƙin yarda da adadin mamatan ɗaya ɓangaren. An ga haka ranar 15 ga Fabrairun 2019, jajibirin ranar zaɓen da aka ɗage, da gwamna ya sanar da kashe mutum 66 a Kajuru, daga baya ya ce 130 ne kuma Fulani ne, shugabannin Adara da ƙungiyar CAN suka musanta. Kafin a kai ga bincike kowa ya riga ya zaɓi labarin da zai gaskata gwargwadon gefen kogin da yake kwana. Garin da ya kai wannan hali ba ya buƙatar a sace masa akwati. Ya ishe mai mugun nufi ya ƙara masa rashin yarda, kuma wannan shi ne hajar da kamfanonin haya ke sayarwa.

Akwai kuma asarar da mai ƙuri'a ke yi duk lokacin da aka karkatar da shi zuwa zancen baƙi. A Fabrairun 2019 mutumin Kaduna yana da tambayoyin da suka cancanci amsa daga gwamna mai neman tazarce: ko sababbin malaman da aka ɗauka sun fi waɗanda aka kora, me ake yi game da masu garkuwa da mutane a hanyar Abuja da ta Birnin Gwari, da me za a biya bashin dala miliyan 350 na Bankin Duniya da gwamna ke nema har ya tsine wa sanatocin jihar uku da suka ƙi goyon baya. Mai yiwuwa gwamna yana da amsoshi masu gamsarwa ga wasunsu. Amma da zarar zance ya zama wa ke tare da ƙasa wa ke tare da Turawa, wanda ya yi tambaya ya zama ɗan koren baƙi, wanda ya yi shiru ya zama mai kishi. Abokan hamayya ma sun ci moriyar hakan, domin ya fi sauƙi a rubuta wa ofishin jakadanci takardar ƙorafi a nemi a hana gwamna biza da a zauna a tsara abin da za a yi wa makarantun firamare. El-Rufa'i ya ci zaɓen 9 ga Maris da ratar ƙuri'a sama da 200,000 a kan Isa Ashiru na PDP, kuma babu wani jakada da ya hana. Hukuncin da ya zo daga baya ma daga gida ya fito. A 2023 Atiku ne ya lashe jihar Kaduna, PDP ta kwashe kujerun sanata uku, Uba Sani na APC ya tsira a takarar gwamna da ratar da ba ta kai 11,000 ba. A Yunin 2024 majalisar dokokin jihar ta amince da rahoton da ya zargi gwamnatin El-Rufa'i da karkatar da naira biliyan 423, shi kuma ya musanta ya garzaya kotu, kafin ya bar APC a Maris ɗin 2025. Masu ƙuri'ar Kaduna sun nuna suna iya ɗaga mutum su kuma rage masa tsawo ba tare da wani ya riƙe musu hannu ba. Wanda kuma ya koma hamayya, ko wane ne shi, zai so a samu shaidu masu yawa a wurin tattara sakamako, na gida da na waje.

Dokarmu ma ƙofa ɗaya take gadi. Sashe na 225 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana jam'iyya mallakar kuɗi ko kadara a wajen Najeriya, ya kuma ce duk kuɗin da aka aiko mata daga waje ta miƙa wa INEC cikin kwana 21. An yi tanadin ne don tsoron kada wata ƙasa ta sayi jam'iyya. Amma a mafi yawan misalan da suka gabata kuɗin fita ya yi daga Najeriya, guba ce ta shigo. Attajirin da ya biya Cambridge Analytica ba jam'iyya ba ne, ba ɗan takara ba ne, kuma rahotannin da suka tona asirin ba su ambaci sunansa ba. Labarin kwangilar PDP da Ballard ya fito ne saboda wata dokar Amurka ta 1938 da ta wajabta wa duk mai yi wa wata ƙasa ko jam'iyyar waje aikin kamun ƙafa ya yi rajista ya bayyana abin da aka biya shi. Labarin bidiyon 2015 kuwa daga zauren majalisar Birtaniya muka ji shi, shekara uku bayan an gama zaɓe. Majalisar Tarayya tana da ikon wajabta wa kowace jam'iyya da ɗan takara, da duk mai kashe kuɗi da sunan goyon bayansu, su kai wa INEC sunan kamfanin wajen da suka ɗauka da aikin da aka ba shi da adadin da aka biya, a wallafa kafin ranar zaɓe, wanda ya ɓoye kuma a hukunta shi. Sanatocin Kaduna uku da 'yan majalisar wakilanta 16 suna da hurumin gabatar da wannan ƙuduri, kuma mutanen da suka binne 'yan'uwansu a 2000 da 2002 da 2011, a kowane gefe na kogin, sun fi kowa haƙƙin tambayarsu dalilin da ya sa ba su gabatar ba.